Haƙƙin Tsohuwar Kalkuleta a Kan Magada

Idan mutum ya riga mu gidan gaskiya, aka yi masa sutura, aka watse daga zaman makoki, sa'an nan malamai suka zauna domin rabon abin da ya bari, akan tarar dukiyarsa ta kasu gida biyu a idon magada. Akwai abin da kowa ya san ƙimarsa, kamar gida da gona da dabbobi da kuɗin ajiya, waɗanda ake bi filla-filla har a kira masu kimantawa. Akwai kuma tarkacen da ake tararwa a ƙasan adaka ko cikin aljihun tebur, irin su tabarau da agogon da ya daɗe da tsayawa da 'yar na'urar lissafi, waɗanda ba mai tanka musu har ranar da mai shara za ta tattara su ta miƙa wa yara, ko a ba 'yan gwangwan a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. A kan ɗaya daga cikin waɗannan tarkace nake nufin yin magana, watau tsohuwar kalkuleta ta aljihu, kuma ra'ayina a kanta shi ne, duk wanda Allah Ya sa ya gaji irinta daga mahaifi ko kaka, ya kamata ya nemi a gyara ta har ta koma aiki, sa'an nan da zarar ta koma aiki ya ɗauke hannunsa, kada ya zarce zuwa ga mayar da ita sabuwa.

Na san hujjar da za a fara kawo mini, kuma ba ta banza ba ce: za a ce wayar da ke aljihun kowane yaro a yau tana yin lissafin da ya fi ƙarfin wannan na'ura nesa ba kusa ba, kuma ladan da za a ba mai gyara ya isa a sayi sabuwa a bakin titi har a sami canji. Da a ce amfani kaɗai ne ma'auni, da maganarsu ta zauna. Sai dai kafin a yanke wa abu hukuncin juji, adalci ne a fara sanin ko mene ne shi, da irin zamanin da ya haife shi.

Har zuwa tsakiyar shekarun 1960, injin lissafi na lantarki kayan kan tebur ne, mai nauyin da sai an sa hannu biyu ake ɗaga shi, wanda galibi sai banki ko babban kamfani ke iya mallaka. A shekarar 1967 ne wasu injiniyoyi na kamfanin Texas Instruments a Amurka, cikinsu har da Jack Kilby wanda daga baya aka ba lambar Nobel, suka haɗa samfurin farko na na'urar lissafi ta lantarki wadda mutum zai riƙe a hannu. A 1971 wani kamfanin Japan mai suna Busicom ya fitar da wadda ke shiga aljihu da gaske. Kuma wannan kamfani ne ya nemi kamfanin Intel ya ƙera masa ƙwaƙwalwar da zai sa cikin injinan lissafinsa na tebur, buƙatar da ta haifar da Intel 4004 a wannan shekara, wadda ita ce ta buɗe ƙofar irin ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da kwamfutoci da wayoyin yau. Shekarar 1972 kuwa ta zo da abubuwa uku da suka sauya al'amarin baki ɗaya: Hewlett-Packard ta fitar da HP-35 ta injiniyoyi da masana kimiyya a kan dala 395, Sinclair a Ingila ta fitar da wata siririya a kan kusan fam 80, sa'an nan Casio ta fitar da wadda ta kira Mini, mai nuna lambobi shida kacal, a kan yen 12,800, aka sayi miliyan ɗaya cikin wata goma. Daga nan gasa ta ɓarke, farashi ya yi ta gangarowa har ya kai ga hannun ɗan tireda, kamfanoni da dama suka durƙushe a hanya, cikinsu har da Busicom ɗin kansa a 1974. Wanda ya gaji irin wannan na'ura ma yana iya ƙiyasta shekarunta daga launin lambobinta, domin na farko-farko jajaye ne ko koraye masu haske, masu cin batir ƙwarai, kafin baƙaƙen lambobi a kan gilashi mai ruwan toka su mamaye kasuwa wajen ƙarshen shekarun 1970.

Abin da ya fi jan hankalina cikin wannan tarihi shi ne yadda ya dace da namu. A ranar 1 ga Janairun 1973 Nijeriya ta bar fam da sule da kwabo irin na Ingila, ta koma naira da kwabo, naira biyu a madadin fam guda. Matasan yau ba za su gane nauyin wannan sauyi ba sai an buga musu misali. A tsohon lissafi kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam, ga kuma sisi da taro da ahu a tsakani. Saboda haka idan ɗan kasuwa ya sayar da yadi 37 a kan sule uku da sisi kowane yadi, sai ya tara sulallansa daban, ya haɗa sisi-sisi su zama sule, sa'an nan ya raba jimla ashirin-ashirin, kafin ya ce maka fam 6 da sule 9 da sisi. Kalkuleta kuwa ba ta san komai ba sai goma-goma, don haka da tsohon kuɗi aka ci gaba da yi, da ba ta tsinana wa mai shago abin kirki ba. Amma da aka koma naira, wannan ciniki ya zama kwabo 35 sau 37, na'ura ta nuna naira 12 da kwabo 95 kafin mai saye ya gama gyara zama. Ashe kuwa kuɗin goma-goma da na'urar goma-goma sun iso mana kusan tare, kuma iyayenmu da suka yi kasuwanci a wancan lokaci su ne suka tsaya a mararrabar, da tsohon lissafi a ka, da sabon a hannu.

Tawa kalkuletar ta mahaifina ce, Allah Ya jiƙansa, wanda ya ƙare rayuwarsa yana sayar da yadi da atamfa. Ƙirar Japan ce ta tsakiyar shekarun 1970, mai lambobi takwas koraye, mai cin batir biyu, tana da 'yar jaka baƙa wadda ɗinkinta ya warware ta gefe guda. Madannin sifili ya goge har ba a ganin rubutunsa, na ninkawa ma ya kusa, alhali akwai wasu madannan da har yanzu suna nan kamar ba a taɓa su ba. A bayanta kuma ya kafta harafin farko na sunansa da tsinin wuƙa. Abin da na sani game da shi, wanda duk maƙwabtansa na kasuwa suka sani, shi ne ba don kansa yake danna ta ba, domin kafin yatsansa ya sauka ya riga ya gama lissafin a zuci. Yakan danna ne ya juya fuskarta wajen mai saye, ya ce, "Ga shi nan, Alhaji, duba da idonka." Shaida ce yake kafawa tsakaninsa da abokin ciniki, domin kada zuciyar wani ta tafi da zato. Kuma da ita yake zama duk shekara, idan haulin dukiyarsa ya cika, ya ƙiyasta kayan shago da basussukan da yake sa ran za a biya, ya fitar da ɗaya bisa arba'in na zakka.

Kafin a kai ga maganar gyara, akwai wata mas'ala da mutane ke tsallakewa, wadda kuwa ita ce ta farko a shari'a: na'urar ta wane ne? Duk abin da mamaci ya bari, babba ne ko ƙarami, tarika ne, kuma bayan an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya a cikin sulusi, saura na magada ne gaba ɗaya gwargwadon rabon kowa. Ba a keɓe agogo ko alƙalami ko kalkuleta daga wannan hukunci don ƙanƙantarsu ba, kuma ɗan da ya sa hannu cikin adaka ya ɗauka, yana cewa ai shi ya fi shaƙuwa da mahaifin, ya ɗauki abin da akwai haƙƙin 'yan'uwansa mata da matan uba a cikinsa. Hanyar kuwa mai sauƙi ce: a nemi yardar manya, a kimanta abin, a biya rabon marayun da ba su balaga ba, tun da yafewarsu ba ta inganta. Ni da na nemi yardar babbar yayarmu, cewa ta yi, "Ɗauki, mun yafe maka, amma in ta tashi ka kawo in gani," sa'an nan na sa kuɗin ƙimarta cikin abin da za a raba saboda ƙananan cikinmu. Zai zama abin kunya ƙwarai a ce na'urar da aka yi amfani da ita wajen tsare haƙƙin mutane ta shiga hannun mai ita na biyu ta hanyar tauye haƙƙi. Ilmin hisabi ma, a tarihinmu, bai taɓa yin nisa da ilmin fara'ili ba, domin Alkhawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, babban kaso na littafin a kan lissafin wasiyya da gado ya yi shi.

Gyaran kansa, ga wanda bai saba ba, ya fi kyau a kai shi wurin tsofaffin masu gyaran rediyo, waɗanda suka koyi sana'a lokacin da ake bin waya ɗaya-ɗaya da mita, maimakon masu gyaran wayar hannu da yawancinsu suka saba da cire sashe a sa sabo. Dattijon da na kai wa tawa, da ya ga na zaro sababbin batira daga aljihu, sai ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, kada ka sa mata wuta tukuna, bari mu ga abin da ke ciki." Da ya zame murfin ɗakin batir, sai ga tsofaffin batiran da aka manta a ciki sun kumbura sun zubar da ruwansu, tsatsa ta cinye sifirin ɗin gefe guda har ya rabu biyu, ruwan kuma ya bi wata siririyar waya ya gangara kan fanel, inda ya mayar da hanyoyin tagulla biyu kore. Ya yi mini bayani cewa zubar batir iri biyu ce, kuma kowace da maganinta: batira masu araha irin na tocila ruwansu mai tsami ne, yana barin jar tsatsa, ana kashe shi da ɗan garin soda da aka jiƙa; batiran alkalin kuwa farin gari suke bari, dangin kanwa, wanda ake kashewa da ɗigon lemon tsami ko ruwan khal. Ko wanne ne, bayan an kashe shi sai a bi wurin da sifirit a kan auduga, a bar shi ya bushe sarai. Ya kankare koren da bakin reza a hankali, ya gwada da mita ya ga hanya ɗaya ta yanke, ya haɗa ta da silin waya guda da ɗigon dalma, sa'an nan ya ciro sifirin daga wata matacciyar rediyo ya dasa.

Daga nan ya koma kan gilashin lambobin, inda zuciyata ta fi tsayawa, domin irin wannan gilashi mai koren haske kwalba ce da aka zuƙe wa iska, kuma idan ta fashe ko ta sha iska, ba mai gyara ta. Ya nuna mini wani ɗan tabo mai sheƙi kamar azurfa a kusurwar gilashin, ya ce muddin tabon nan na sheƙi, kwalbar na da rai, in ya koma fari kamar alli, to, iska ta shiga. Nata yana sheƙi. Irin wannan gilashi yana buƙatar wuta fiye da bolt 20, alhali batiran biyu bolt 3 suke bayarwa, don haka akwai wani ɗan sashe da ke ɗaga wutar, kuma ƙananan kafasitocin da ke cikinsa kan bushe da tsufa. Ya canja biyu daga cikinsu. Madannan kuwa ba abin da ke damunsu sai ƙurar hunturu da maiƙon hannu na shekaru, waɗanda sifirit ya ɗauke. Ya gargaɗe ni da kada in kuskura in soka mata kowace irin caja don na ga bakin ya shiga, domin caja mai juyayyen kai ko mai wuta fiye da kima tana ƙona ƙwaƙwalwar nan take, ita kuwa ƙwaƙwalwar an daina ƙera irinta tun tuni. Da ya sa batir, ya fara cika fuskar da takwas-takwas domin a ga ko kowane layi na kowace lamba yana kamawa, sa'an nan ya ninka 12345679 sau 8, ta ba shi 98765432, ya miƙo mini ita.

A nan ne nake rabuwa da wasu masu sha'awar tara tsofaffin na'urori a Turai da Amurka, da kuma wasu daga cikin masu gyaranmu. Su waɗancan sukan shafa wa robar da ta yi rawaya wani sinadari, su shanya ta a rana har ta koma fari, ko da yake su kansu sun shaida cewa rawayar kan dawo, kuma farin kan fito dabbare-dabbare. Sukan sake buga lambobin da suka goge, su goge duk wani tabo har na'urar ta yi kamar yau aka ciro ta daga kwali. Namu kuwa wani zai ce maka ya fi sauƙi a kwashe kayan cikin gaba ɗaya, a cusa na sabuwar kalkuleta cikin tsohon jiki. Na farkon ɓarna ce, na biyun kuwa algus ne, ko da kuwa kanka kaɗai kake yi wa. Wanda ya gaji littafin malaminsa, ya tarar bangon ya yage, takardu sun warwatse, yakan kai wa baduku ya ɗinke masa gafaka, ya jera takardun bisa tsari, amma ba ya kankare ta'aliƙin da malam ya rubuta a gefen shafi don littafin ya yi tsabta, domin ya san ta'aliƙin nan shi ne ya bambanta wannan kwafi da dubban irinsa. Gogaggen madannin sifili, da harafin da aka kafta da wuƙa, su ne abin da ya mayar da wannan na'ura ta mahaifina. Abin da ya rage duk na kamfani ne, kuma kamfani ya ƙera irinsa ba iyaka. Ƙa'idar da nake gani ita ce a taɓa abin da ya hana ta aiki ko yake ci gaba da cinye ta, kamar tsatsa da yankakkiyar waya, a bar abin da hannun mai ita ya bari.

Haka kuma ban yarda da waɗanda, bayan an gyara, sukan kulle ta cikin kabad su hana kowa taɓawa ba, har wani ya fara ɗaukarta kamar abin neman tabarruki. Roba ce da tagulla da gilashi, ba ta ɗauke da albarka a karan kanta, kuma abin da ke isa ga mamaci shi ne addu'a da sadaka da biyan bashinsa da sada zumuncin da ya bari. Darajarta ita ce ta tuna wa masu rai yadda mutumin ya yi mu'amala, wannan kuwa ba ya samuwa sai ana ganinta tana aiki. Madannan da ba a dannawa ma sukan daskare. A ganina a ajiye ta inda ake lissafin gida, a fitar da zakka da ita, a bar yara su danna ta a gaban babba, su tambayi ta wane ce, a ba su amsa.

Akwai kuma abin da wannan gyara ya tona mini game da kayan zamaninmu. Na'urar da ta haura shekara arba'in ta buɗu da ƙananan notina, kowane sashe nata ana ganinsa, ana iya auna shi, ana iya cire shi. Alhali da yawa daga cikin abin da muke saye yau liƙe suke da gam, ba a buɗe su sai an fasa, kuma an gina cinikinsu a kan cewa za a yar a sayi wani. Mutanen Turai da kansu sun fara gajiya da wannan hali: tun 2021 Faransa ta wajabta a riƙa liƙa wa wasu kayan lantarki maki da ke nuna sauƙin gyaransu, a 2024 kuma Tarayyar Turai ta yi doka da ke tilasta wa masu ƙera wasu kayayyaki, irin su injin wanki da wayar hannu, su gyara su ko bayan garanti ya ƙare. Mu da addininmu ya hana almubazzaranci, kuma muke da masu gyara a kowace kasuwa tun kafin a yi waɗannan dokoki, bai kamata mu zama mu ne ke barin wannan sana'a ta mutu ba. Dattawan da suka iya bin fanel da mita suna ƙarewa, rumfunansu na komawa shagunan sayar da caja, kuma duk wanda ya kai musu aiki ya biya su lada mai kyau ba tare da ja-in-ja ba, ya taimaka wajen sa wani yaro ya ga dalilin zama kusa da su ya koya.

Ba kowace ce za ta tashi ba. Idan mai gyara ya auna ya tabbatar ƙwaƙwalwar ta ƙone, ko gilashin ya sha iska, ana iya neman wata matacciya irinta sak a ciro sashen, matuƙar za a faɗi gaskiya cewa an yi haka. In ba a samu ba, a tsabtace ta, a tsayar da tsatsar, a ajiye ta a yadda take. Ko ta tashi ko ba ta tashi ba, ina ba da shawara a rubuta 'yar takarda a sa cikin jakarta, mai ɗauke da sunan mai ita, da sana'arsa, da shekarar da ya rasu, da yadda ta zo hannun wanda take wurinsa da yardar sauran magada, da abin da aka canja a cikinta, domin wanda zai gaje ta nan gaba ya san abin da ke hannunsa. Sa'an nan duk lokacin da za a ajiye ta fiye da 'yan makonni a cire mata batir, a sa ta inda damshin damina ba ya kaiwa, domin da yawa daga cikin waɗanda suka lalace a adaka, batirin da aka manta a cikinsu ne ya cinye su.